Baƙon Ganye a Tukunyar Gidanmu

A hunturun bara, lokacin da kayan lambu suke cika kasuwar Sabon Garin Zariya har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa, na tsaya wurin wani mai karas da kabeji da na daɗe ina ciniki da shi, sai na hango wani koren abu a gefen tirensa mai kama da ƙananan bishiyoyi da aka ɗaure wuri guda. Na san sunansa burokoli, domin na sha ganinsa a hotunan girki a waya, amma ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Ya ce daga Jos aka sauke shi da asuba, ta hanyar Saminaka da Pambeguwa, tare da farin kabeji, ɗan uwansa mai farin toho, da bitirut, wata jar saiwa mai kama da dankali, domin irin waɗannan sun fi son sanyin tsaunukan Filato a kan fadamar Galma. "Hajiya, ki gwada mana, matan Samaru ne suke saye, kuma babu wadda ta taɓa dawo mini da ƙorafi," in ji shi. Da na tambaye shi yadda ake dafa shi, sai ya yi dariya ya ce shi sayarwa kawai ya iya, bai taɓa kai shi gidansa ba.

Na sayi dunƙule biyu, kuma na yi masa abin da hannuna ya saba yi wa duk wani ganye mai tauri: na yanka shi, na zuba a ruwa, na jefa 'yar kanwa kamar yadda nake yi wa rama ko zogale, na rufe tukunya na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo, wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika tsakar gida, abin da ke cikin tukunyar kuma ya narke ya zama kamar kunun da aka yi da ciyawa. Uwar mijina, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ta leƙo madafa ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta ce, "Ke kuma wane irin magani kike dafawa?" Ko akuyar maƙwabta sai da ta shinshina sau biyu kafin ta yarda ta ci.

Laifin ba na ganyen ba ne, nawa ne, domin ban tambayi kaina ɗan gidan wa ne shi ba. Burokoli da farin kabeji da kabejin da muka sani duk tsiro ɗaya ne a asali, manoma ne suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru, wasu suna neman ganye, wasu suna neman tohon fure, har suka bambanta a ido. Dukkansu suna ɗauke da sinadarai masu farar wuta, waɗanda suke fitowa da wari idan dahuwa ta yi tsawo, ita kuwa kanwa aikinta shi ne ta sassauta jikin ganye ta narkar da shi, abin da ya sa wake yake saurin nuna da ita. Da na tuna cewa ban taɓa sa wa kabeji kanwa ba, kuma ban taɓa barinsa rabin sa'a a wuta ba, da ban yi asarar kuɗina ba.

A karo na biyu na fara da jiƙa shi a ruwan gishiri na minti 10, kuma gara da na yi haka, domin ƙananan tsutsotsi kore guda uku suka taso daga cikin tohon, launinsu ɗaya da nasa, ta yadda ido ba zai taɓa ganinsu ba. Sannan na ɗora shi a madambaci, na turara shi minti 4 kacal, na sauke yana kore shar, yana da ɗan garas-garas a baki. Na daka ƙuli-ƙuli da yaji, na yanka albasa da tumatir, na zuba ɗan man gyaɗa, na yi kwaɗonsa kamar yadda ake kwaɗon rama. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da shi a gidan Bahaushe, domin tohon nan yana kama garin ƙuli-ƙuli ya riƙe shi fiye da yadda ganyen zogale yake yi. Karansa ma ba abin zubarwa ba ne. Idan aka fere bayan, cikin yana da zaƙi kamar zuciyar kabeji, kuma yana shiga dafa-duka lafiya lau idan aka jefa shi gab da saukewa.

Kayan ƙamshi kuwa tsadar citta ce ta tura ni gare su. Tun da cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, wajajen Kachia da maƙwabtanta, ɗan abin da ake ƙulla wa mutum a leda ya ƙanƙance har ya zama abin ban haushi, sai na fara duba sauran kwanukan da ke gaban masu kayan yaji, waɗanda a da nake wuce su in ɗauki kanumfari da masoro da kimba in yi gaba. A nan na ɗauko kurkur. Mu dai mun san shi a wurin gyaran jikin amare da kuma magani, ban taɓa kallonsa a matsayin kayan miya ba, alhali kuwa ɗan uwan citta ne na jini, kuma shi ne yake ba wa garin kori launinsa na ɗorawa. Ashe mun daɗe muna cinsa a soyayyiyar shinkafa ba tare da mun sani ba.

Da shi ma kanwa ta sake nuna mini halinta. Ina dafa shinkafa da wake, na riga na sa kanwa domin waken, sai na ce bari in barbaɗa rabin cokali na kurkur ko abincin zai yi kyau a ido. Ina juyawa ruwan ya rikiɗe daga ɗorawa ya koma ja kamar jan bulo, a gabana, cikin ƙiftawar ido. Na ɗebi kaɗan a cokali na matsa masa lemun tsami, nan take ya dawo ɗorawa. Sinadarin da ke ba shi launi ne yake sauyawa haka, ja idan ya haɗu da kanwa ko toka, ɗorawa idan ya haɗu da tsami, kuma wannan ba ya cutar da mai ci. Yarana suka kwashe yinin suna roƙo, "Umma, ki sake yi mu gani," har sai da na ɓoye kwalbar, domin tabon kurkur ba ya fita daga farar rigar makaranta da sauƙi. Yanzu na san wurinsa: a soya shi kaɗan a mai tare da albasa kafin a zuba ruwa, a haɗa shi da masoro, kuma kada a wuce rabin ƙaramin cokali a tukunyar mutum shida, in ba haka ba ɗacinsa na ƙasa-ƙasa zai danne komai.

Hulba ta fi shi wuyar sha'ani. Na soya cokali guda a busasshen kasko na bari ta yi duhu, na daka na zuba a miyar taushe, miyar ta yi ɗacin da ko kabewa ba ta iya rufe shi ba, kuma kwana biyu ƙamshinta yana fita a gumin duk wanda ya ci. Daga baya na gane cewa ɗan taɓa wuta kawai take so, kuma 'ya'ya goma sun isa tukunya. Ragowar na shuka a tsohon bokiti, bayan mako uku na sami ɗanyen ganyenta, wanda mutanen Indiya suke miya da shi, na haɗa da alayyahu ya yi daɗi.

Bitirut ne har yau ba mu shirya da shi ba. Yana da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, wanda nake so a hanci amma ba a kan tuwo ba, kuma da na markaɗa shi a miyar dage-dage sai ta yi zaƙi ta koma launin lalle mai duhu, maigidan ya ɗanɗana sau ɗaya ya nemi a kawo masa yaji da mai. A zoɓo kaɗai ya zauna daram, domin tsamin zoɓorodo yana riƙe jansa ya kuma danne ƙamshin ƙasar. Wanda zai gwada ya sani cewa wasu mutane fitsarinsu yakan yi ja bayan sun sha, kuma ba jini ba ne. Ni dai na kwana da fargaba kafin in san haka.

Hajiya, uwar mijina, ba ta daina kiran waɗannan abubuwa cimar Turawa ba. Wata rana na ce mata ai tumatir da attarugu da barkono da rogo da masara duk daga nahiyar Amurka suka fito, babu ɗayansu da ya iso wannan ɓangaren duniya kafin 1492, kuma dankalin da take so da ƙwai har yanzu sunansa dankalin Turawa. Ta dube ni ta ce, "To su ai sun daɗe, sun zama 'yan gida." Ban ja da ita ba, domin a lokacin hannunta yana cikin kwanon kwaɗon burokoli, tana tsince albasa tana ajiyewa gefe. Da ta gama ta ce ƙuli-ƙulin ne ya yi daɗi, sannan ta ce idan zan koma Sabon Gari ranar Asabar in duba ko an kawo wancan farin, mu ga shi kuma yadda zai yi a fate.