Abin da aikin kotu ya koya mini game da sub judice

A aikin ɗauko rahoto daga kotu, babu ƙa'idar da na ji ana yawan ambata kamar sub judice, wato maganar da ke gaban alƙali ba a kai ga yanke mata hukunci ba. Da yawa sun ɗauka cewa ma'anarta kowa ya kame bakinsa. Aikin ya nuna mini ba haka ba ne. An yarda ka faɗi abin da ya wakana a zaman kotu, wa ya ba da shaida, me lauya ya ce, yaushe za a dawo. Abin da aka hana shi ne ka riga alƙali yanke hukunci.

A teburin edita ake ganin haka ƙarara. Kanun labari ya zo da "An gurfanar da ɓarawon motoci", sai a soke shi a rubuta "wanda ake tuhuma da satar motoci". Hoton mutumin ma akan ajiye shi gefe idan har shaidu ba su gama nuna wanda suka gani ba, domin shaidan da ya ga fuska a jarida zai iya rantsewa cewa ita ya gani a daren. Haka ma tsofaffin laifuffukansa, ko da gaskiya ne, ba a tono su. A 2011 wata kotun Birtaniya ta ci tarar jaridar Daily Mirror fam 50,000, jaridar The Sun kuma fam 18,000, saboda yadda suka yi kaca-kaca da mutuncin wani mutum da aka kama kan zargin kisan kai a Bristol. Ashe ba shi da hannu, wani daban aka samu da laifin.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masu iko ke fakewa da ƙa'idar. Ka tambayi jami'i ina kuɗin jama'a suka shiga, sai ya ce maka magana tana kotu, shi ke nan ya kulle ƙofa, shari'ar kuwa tana iya shekaru ana ɗagewa. Wannan ba sabon abu ba ne. An taɓa hana jaridar Sunday Times ta Birtaniya buga bincikenta kan maganin talidomaid, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da naƙasa, da hujjar cewa iyaye suna shari'a da kamfanin maganin. Sai a 1979 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce hanin ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Daga nan Birtaniya ta yi dokar raina kotu ta 1981, wadda ta ce sai rubutu ya kasance da haɗari na gaske na gurɓata shari'a sosai kafin a hukunta mai shi, ta kuma ba da kariya ga tattauna al'amuran jama'a da kyakkyawar niyya.

Shi ya sa yanzu idan jami'i ya ce mini magana tana kotu, nakan tambaye shi wace kotu, mece ce lambar ƙarar, kuma wane ɓangare na tambayata ne alƙali zai yanke hukunci a kai. Sau da yawa tambayar tawa ba ta ma cikin ƙarar.