Harajin Albashi da Ɗalibin da Ke Aikin Hutu

A hutun da ya wuce ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar Ngaundare, ya sami aikin wucin gadi a wani kantin kayan gini a Garwa kan sefa 55,000 a wata. Ranar biya sai mai kantin ya miƙa masa 50,000 a cikin ambulan, ya ce sauran na haraji ne, bai kuwa ba shi ko guntun takarda ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin a dokar harajin Kamaru albashin da bai kai sefa 62,000 a wata ba, ba a cire masa harajin kuɗin shiga, wato IRPP. Zama ɗalibi ba shi ke kawo wannan rangwame ba, ƙanƙantar albashin ce, kuma ko da ya haura hakan, sai an ware kashi 30 cikin ɗari na ɗawainiyar aiki da sefa 500,000 a shekara kafin a ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan ragowar, a matakin farko.

Cikin abin da ke iya fita bisa ƙa'ida akwai kashi 4.2 cikin ɗari na fansho da ake zubawa a CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, amma sai an yi wa ma'aikaci rajista, yaron kuwa ba shi da lamba.

Na ce masa: "Koma cikin ladabi ka ce, Alhaji, ina roƙon takardar albashi." Washegari aka mayar masa da jakarsa biyar.