Tarihin Rayuwata, Kashi na 3: Tsohuwar Gundumar Ƙonni da Albasarta

A makon jiya mun tsaya a kan asalin gidanmu. Wannan makon zan ajiye labarin kaina gefe, domin abin da zai biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san ƙasar da muka tashi a cikinta, wato tsohuwar gundumar Birnin Ƙonni ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wadda a da takardun gwamnati ke kira arondisma.

Ƙonni tsohuwar masarauta ce ta Hausawa, tana iyaka da Illela ta jihar Sakkwato. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa birnin ta yi kisan gilla, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya a Lugu. Bayan samun 'yancin kai, gyaran mulki na 1964 ya mai da ƙasar arondisma a hannun sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma. Galmi da Dogarawa da Malbaza da Tsarnawa da Bazaga da Allela duk nan suke bi. Daga baya aka ɗaga gundumar ta zama departema, aka yi zaɓen magadan gari a 2004, sannan a 2011 aka yanke Malbaza da Dogarawa suka ci gashin kansu. Ka ga ke nan Galmi, wadda sunanta ke kan albasar da ta fito da yankin, yau ba a ƙarƙashin Ƙonni take ba.

Akwai masana'antar siminti ta Malbaza tun shekarun 1960, akwai asibitin mishan na Galmi tun 1950, akwai kuma fadamar noman rani ta Ƙonni mai sama da hekta 2,000, wadda madatsun Mozage da Zango na kwarin Maggiya ke shayarwa. Yashi da laka sun cinye cikin madatsun, shi ya sa filin da ake iya nomawa da rani ya ragu ƙwarai. Amma abin da ke riƙe da gidan talaka shi ne jar albasa.

Aikinta yana farawa da yafa iri a fangali wajen watan Oktoba. Bayan kwana 40 zuwa 50, idan dashen ya kai kaurin fensir, sai a cire a datse kan ganyen a dasa, tazarar santimita 10 zuwa 15. Wanda ya buɗa tazara zai samu manyan 'ya'ya, sai dai manyan su ke fara ruɓewa a ajiya. Ban ruwa duk bayan kwana uku ko huɗu ne, gwargwadon ƙasa. Mai jigawa ya fi mai laka wahala da kuɗin man injin ban ruwa. Da zafi ya fara shigowa a Fabrairu sai ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye su taso, ganyen ya yi fari-fari, albasa ta tsaya da girma. Iri kuwa shekara biyu yake ci: a zaɓi 'ya'ya masu kyau a adana, a sake binne su, su yi fure. Mai sayen iri a kasuwa ido rufe yakan tarar rabin gonarsa ta yi bututun fure maimakon kai.

Wurin da aka fi yin asara shi ne ƙarshe. Ya kamata a yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira, a jira wuyan ganye ya kwanta da kansa, a bar albasar ta sha iska ƙarƙashin ganyenta kafin a yanke, a kuma bar ɗan wuya. Mai gaggawa yana zuba takin zamani fiye da ƙima don ta yi nauyi, ya shayar har ana gobe cira. Irin wannan albasa ruwa ce zalla. A zuba ta a rudu, rumbun kara da ake ɗorawa kan duwatsu don iska ta ratsa ta ƙasa, damina na sauka ɗaya ta ruɓe ta shafi maƙwabtanta. Dole a riƙa buɗewa ana tsincewa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin manoma ba sa kaiwa ga rudun ma. Bashin mai da taki da lada na jiran su, don haka a Maris da Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika, suke sayarwa. Buhun ma mai hula ne, an yi masa ƙari a baki har ya haura kilo 100, kuɗin kuwa na buhu ɗaya. Wanda ya iya riƙewa zuwa Satumba ko Oktoba yana ninka kuɗinsa, kuma galibi ɗan kasuwa ne.

Daga Galmi da Tsarnawa manyan motoci ke ɗauka zuwa Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023, motoci sun yi cirko-cirko da kaya, ita kuwa albasa ba ta jira, asarar ta gangaro har kan manomi da ɗan dako.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga kasuwar kan iyaka da canjin naira da sefa.