Daga magudanar Challawa zuwa saiwar albasa

Ƙanina yana digiri na biyu a Zariya, fannin nazarin halittu, yana gwada gubar ruwan masana'antun Kano da saiwar albasa. Ba shi da mota, ni kuwa ina da wata tsohuwar Golf, shi ke nan na zama direban ruwan ƙazanta.

Sammako muka yi zuwa Challawa ta wajen Panshekara. Tun kafin ido ya ga masana'antun fata, hanci ya riga ya ba ka labari. Majeman cikin birni da bagaruwa suke jima, na nan kuwa da gishirin kuromiyom, shi ya sa ruwan da ke fitowa shuɗi-shuɗi ne, wani wurin baƙi ƙirin. Ya sa safar hannu ya ɗiba a bakin magudana, ya ƙara a mahaɗarta da kogi, sannan can ƙasa inda masu noman rani suka kafa injinan ban ruwa. Wani dattijo ya tsaya yana kallonmu.

"Samari, wannan ruwa ai taki ne. Ganye ya fi son shi."

"Haka ne, Baba," in ji ƙanina. Latas ɗin dattijon kore shar, da me za ka yi musu?

Muka jera kwalaben a kula, muka zuba ƙanƙara, sai gadar Tamburawa, Kura, Kwanar Dangora. A hanya ya sa na tsaya wajen mai albasa, ya yi ta tsintar ƙanana masu girma ɗaya har mutumin ya ƙosa.

A ɗakin gwaje-gwajen, kwalabe ne jere a kan tebur, kowace da albasa zaune a bakinta, gindinta na taɓa ruwa. Wata ruwan masana'anta ne tsantsa, wata an sirka shi, wata ruwa mai tsabta don kwatance. Bayan kwana 3 zuwa 4 a auna tsawon saiwa. In da guba, sai ta gajarce ko ta murɗe. Wata masaniya a Sweden, Fiskesjö, ita ta tsara gwajin a wannan siga a 1985.

Abin da ya tsayar da ni yana cikin madubin likita. Ana yanke kan saiwar, a tausasa da asid, a rina ja, a latse tsakanin gilasai biyu. Ƙwayar halittar albasa tana da kuromosom 16, wato zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta, manya, ana ganinsu sarai. A lafiyayyar saiwa, in ƙwaya za ta rabu, sai su kasu biyu, kowane rukuni ya ja gefensa tsaf. A gilashin da ya nuna mini daga ɗibar baya, wani zare ya maƙale tsakanin rukunan, wani guntu kuma ya ɓalle shi kaɗai a tsakiya.

"Yaya, ka ga wannan? Ba ta mutu ba, amma abin da za ta gadar wa na bayanta ya samu matsala."

Akwai gwajin da ya fi wannan suna, na Bruce Ames na Amurka tun shekarun 1970, da ƙwayoyin Salmonella da tataccen hantar ɓera. Sai dai yana son kuɗi da wutar da ba ta ɗaukewa, albasa kuwa ko a Yankaba. Ita ma tana da iyaka: za ta ce ruwa na cutarwa, ba za ta ce wane sinadari ba. Kuromiyom ɗin jima nau'i na 3 ne, mai sauƙin illa, amma yakan rikiɗa ya koma na 6, mai jawo cutar kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kayyade kada kuromiyom ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha, kuma auna wannan sai da wata na'ura daban.

Ni kwalbar wajen dattijon ce ta fi damuna. Na tambaye shi sakamakonta ta waya daga baya, ya ce ɗibar rani kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, in gyara tayoyi, da damina ta zauna za mu koma.