Kwana Uku a Kamikatsu, Garin da Ake Sayar da Ganye

Abokin karatuna a birnin Osaka na ƙasar Japan ne ya matsa mini in raka shi ƙauyen Kamikatsu gaida kakarsa, a tsakiyar watan Nuwamba. Na yi ta kawo uzuri har uzurin ya ƙare. Da sassafe muka hau bas, muka haye gadar Akashi mai tsawon kusan kilomita huɗu a kan teku, muka ratsa tsibirin Awaji, muka sake haye wata gadar a Naruto, sai ga mu a birnin Tokushima na tsibirin Shikoku. Daga nan kawunsa ya ɗauke mu a mota. Tafiyar kamar awa guda ce, amma hanyar lanƙwashe-lanƙwashe take yi tsakanin dutse da kogi, har cikina ya fara juyawa.

Mutanen Kamikatsu ba su kai 1,500 ba, kuma fiye da rabinsu sun haura shekara 65. Ba sai an faɗa maka ba. Mun wuce gidaje da dama a rufe, ciyawa ta cinye ƙofa, masu su sun rasu ko sun bi 'ya'yansu birni. A wata kwana na ce a tsaya, don na hango rumfa cike da kabeji da lemo. Na sauka, na duba hagu na duba dama, har na yi gyaran murya irin ta mai neman masu gida. Abokina ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna mini wani ɗan akwati. Ƙulli ɗaya yen 100. Ka jefa kuɗinka, ka ɗauki kayanka, mai rumfar tana can gona.

Kaka, haka na riƙa kiranta, tsohuwa ce 'yar mitsitsiya da bayanta ya ranƙwafa. Ta tarbe mu a bakin ƙofa, muka tuɓe takalma, ta zaunar da mu a wani gajeren tebur da aka lulluɓe da bargo, da abin ɗumama wuri a ƙarƙashinsa. Kotatsu suke ce masa. Wanda ya zura ƙafa a ciki lokacin sanyi, tashinsa sai da dalili mai ƙarfi.

Kawun ya zo da naman aladen daji da maƙwabcinsa ya kama a tarko, abin alfahari a wurinsu. Abokina ya riga ya yi musu bayanin abin da nake ci da wanda ba na ci, amma kawun ya ɗauka na daji daban ne da na gida. Kaka ce ta raba gardamar. Ta dafa mini nawa a wata tukunya, ba ta sa giyar shinkafar da suke zubawa a girki ba: farar shinkafa, gasasshen kifi, ɗan kayan lambu da aka jiƙa a gishiri, da romon miso. Da na kurɓi romon sai hancina ya gane shi kafin harshena. Waken soya ne aka bari ya ruɓa, wato ɗan uwan daddawa ne, sai dai bai kai ta faɗa ba.

Washegari na yi alwalar asuba da ruwan da ya kusa tsinke mini yatsu. Kafin in idar, Kaka ta riga ta fita lambu. Lambun bai fi tsakar gida ba, a kan gangare, an tokare shi da jeren duwatsu. Akwai albasa, kabeji, gwaza, da daikon, wani abu mai kamar karas amma fari fat, tsawon damtse. An kewaye wurin da raga da wayar lantarki. Na tambayi ko ɓarayi ne. Ta ce ɓarayi ne mana: barewa, aladen daji, da birai, waɗanda suka fi mutanen garin yawa, suka kuma fi su ƙuruciya.

Abin mamakin yana bayan gida. Kaka ta ɗauko almakashi ta shiga cikin bishiyoyi tana tsinkar jajayen ganye ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kowanne a hasken rana, wanda ƙwaro ya ɗan taɓa ta yar. Ni ɗan gidan da ganye ke nufin zogale da rama da kuka ne, don haka na tambaya wace miya ake yi da shi. Ba a ci. Ado ne ake ɗorawa a gefen abinci a manyan gidajen cin abinci na Tokyo da Osaka, don mai ci ya ga lokacin da ake ciki a cikin kwanonsa.

Sana'ar ta samo asali ne daga masifa. A 1981 wani sanyi mai tsanani ya kashe itatuwan lemon da garin ya dogara da su. A 1986 wani ma'aikacin ƙungiyar manoma, Tomoji Yokoishi, ya kawo shawarar sayar da ganye, aka yi masa dariya, gida huɗu kawai suka bi shi. Yau tsofaffin matan garin da ita suke riƙe kansu. Na ga Kaka ta goge hannu a zanin aikinta, ta janyo ƙaramar kwamfutar hannu, tana duba odar da ta shigo. Wadda ta riga dannawa ita ke da ciniki, kuma wallahi yatsanta ya fi nawa sauri. Sannan ta zauna tana jera ganyen a faranti, girma ɗaya, launi ɗaya, kamar mai jeren ɗakin amarya. Na sa hannu zan taya, ta ture duk abin da na jera ba tare da ta ce uffan ba.

Aikin da ta yarda ta ba ni shi ne feren kaki. Ba kakin soja ba, wani ɗan itace ne ruwan goro, dangin kanyarmu, amma girman tumatir. Irin wanda take da shi ɗanyensa bauri ne da shi mai ɗaure baki. Sai an fere, a ɗaura a igiya, a rataye a ƙarƙashin rufin gida wata guda ko fiye, ana matsa shi da yatsu lokaci-lokaci, har ya yi laushi ya fitar da farin sukari a bayansa. Muna cikin fere, da ƙarfe biyar na yamma, lasifikar gari ta saki wani ɗan kiɗa da ya cika kwarin. Kowa ya san lokacin tashi daga aiki ya yi.

Rana ta uku muka kai shara, domin babu motar kwasar shara a garin. Tun 2003 suka ɗauki alƙawarin daina ƙona ta da binne ta, kuma iri fiye da 40 ake rarraba ta. Ragowar abinci ba ya zuwa nan, taki ake yi da shi a gida. Na jefa gorar ruwa a wani kwando ina jin na yi abin kirki, wani dattijo ya ciro ta cikin ladabi, ya cire murfi, ya ɓare takarda, ya nuna mini wurare uku. Gaskiya abin da gajiya, har Kaka ma ta yi ƙorafin wanke ledoji da ruwan sanyi. Amma tana yi.

Ƙarshen Disamba wani ɗan kwali ya iske ni a ɗakina a Osaka. Busassun kaki ne guda shida, da jan ganye ɗaya a kai. Kallo ɗaya na gane su, don duk shida a karkace suke, wuƙa ta cinye rabin naman. Ta ware waɗanda na fere da hannuna ta aiko mini da kayana.