Fentin bango ne ya ƙara wa zanen girma

Zane huɗu ne a kan kyalle, kowanne santimita 20 a tsawo da faɗi, yarana ne suka yi su da hannunsu. A hannu gwanin sha'awa, amma da aka rataye su a ɗakin wasa sai bangon ya haɗiye su, ka shigo ka fita ba ka lura da su ba.

An ba ni shawarar in sa musu manyan firam masu gilashi. Na ƙi. Ɗakin da ƙwallo ke tashi sama kullum, me zai kai gilashi ciki?

Abin da ya yi aiki shi ne fenti. Na matso da zanen wuri guda, biyu sama biyu ƙasa, da tazarar santimita 5 tsakaninsu, sannan na shafa shuɗin fenti mai duhu a bayansu, murabba'i guda na santimita 90. Ido ya daina ganin ƙananan abubuwa huɗu, ya koma ganin abu ɗaya babba. Ja da ruwan ɗorawa da yaran suka zuba suka fito tar. Na kuma sauko da su ƙasa. A gidajen adana zane-zane ana sa tsakiyar hoto wajen santimita 145 daga ƙasa, amma wannan awon idon manya ne. Nawa na tsayar a mita ɗaya, inda ƙaramar za ta tsaya ta nuna da yatsa ta ce wannan nata ne.

Tef ɗin takarda, wanda ake liƙawa a bango don gefen fenti ya fito a miƙe, shi ne ya ɓata min rai, har yau in na tuna sai na ji haushi. Na liƙa shi tsaf, na danne da yatsa, na yi fenti. Da na ɓare, shuɗin ya kurɗa ta ƙarƙashinsa, gefen ya fito kaca-kaca. Ashe bango ba sumul yake ba, akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ta nan fentin ke bi. Kuma kyan aikin gaba ɗaya yana kan wannan layin: in ya miƙe sai ya zama kamar firam, in ya karkace kowa zai ce fenti ne ya zube.

Sai da na sake gefen duka. A wannan karon, bayan liƙa tef, na fara shafa fentin bangon na asali a bakinsa, na bari ya bushe ya toshe ramukan, sannan na bi da shuɗin. Kada ka tsallake wannan, komai saurin da kake yi. Kuma ka ɓare tef ɗin tun fentin na ƙarshe yana da ɗanshi, a hankali, kana jansa baya. In ka bari ya bushe ƙayau, zai iya tasowa da fentin, ka koma gidan jiya.