Na Karɓi Allura ta Biyu, Amma Ban Cire Takunkumi Ba

Yau na karɓi allura ta biyu ta rigakafin cutar korona, bayan na shafe watanni ina ɗari-ɗari kafin na yarda a yi mini ta farko. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin da aka yi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annoba a watan Maris na 2020, kafin shekarar ta ƙare kuwa an soma yi wa mutane allura. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni, ta bayyana mini cewa masana sun daɗe suna bincike a kan dangin wannan ƙwayar cuta tun ɓullar wata cutar numfashi mai suna SARS a 2002, sannan hankalina ya kwanta. Ba ta raina tambayoyina ba, kuma ina ganin irin wannan haƙuri ne masu shakka da yawa ba su samu ba.

Allurar farko ta sa damtsena ya yi tsami kwana biyu, na kuma yi ɗan zazzaɓi cikin dare, shi ke nan.

Da na dawo gida, ƙanena ya ga takunkumi a fuskata ya ce, "Yaya, ai an gama, me kuma ya rage?" Na ce masa garkuwar jiki tana buƙatar kimanin mako biyu kafin ta yi ƙarfi, kuma babban aikin allurar shi ne rage tsananin ciwo, ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Mahaifiyarmu tana fama da ciwon sukari, ni ke ba ta magani safe da yamma, saboda haka zan ci gaba da kauce wa cunkoso da wanke hannu da sabulu kafin na shiga ɗakinta.